Abokina, Moton Lantarki da Idon Inna

Shekarun baya kaɗan, lokacin da ido bai saba da moton lantarki ba a wajenmu, wato babur mai aiki da batir, na sayi ɗaya. Ƙauyenmu yana bayan duwatsu ta wajen Karofane, sana'ata kuma ɗaura wa mutane fanon sola da gyara shi, don haka wuta ba ta yi mini wuya. Na ce in dai akwai abin hawan da ke cin rana ya ƙoshi, to domina aka ƙera shi. Ranar da na shigo da shi gari na ɗauka za a yi mini barka. Abin da na samu shi ne ƙorafi: wai yana zuwa wa mutum ta baya ba sallama, awaki kuma ba sa kauce masa don ba su yarda abin hawa ba ne.

Amma gaskiyar dalilin da ya sa na ƙwallafa rai a kansa, mahaifiyata ce. Yanar ido ce ta rufe mata idanu duka biyun. Matar da take tsince wake tana hira ba ta ko duban faifai, ta koma tana zuba ruwa a gefen moɗa, jikokinta kuma sai sun yi magana take sanin wane ne. An sha gaya mana cewa a Madawa ana cire wannan yanar mutum ya koma yana gani. Matsalar ita ce kai ta can. Inna ba ta shiga mota, warin mai kaɗai yana juya mata hanji tun kafin a tayar da inji. Moton mai kuwa, da ƙararsa da hayaƙinsa, ba ta taɓa yarda ta hau ba a rayuwarta. Na roƙa, ƙannena mata sun roƙa, har limamin unguwa na sa ya yi mata magana. Amsarta ɗaya ce: Allah da ya ba ta idon ya san inda take zaune.

Da na kawo wannan moton sai ta fito da kanta, ta shafa shi tun daga kai har baya, ta sunkuya ta shinshina.

"Wanga ba ya wari," in ji ta. "Ina injin nai?"

Na ce mata ba shi da inji irin wancan. Daga nan na fara lallashi. Yau in ɗora ta mu zaga ƙofar gida, gobe mu kai bakin rijiya mu dawo. Zaman gefe take yi irin na manyan mata, ƙafafu biyu a ɓangare ɗaya, hannu a ƙarfen baya, don ta ce ba za ta rungumi ƙaton ɗa a gaban jama'a ba. Na ɗauki watanni ina wannan aikin. Da aka ce likitocin ido za su zo asibitin Madawa su yi 'yan kwanaki, a farkon damina, sai ta ce to, ta yarda. Ni kaɗai na san abin da na sha kafin in ji wannan "to" ɗin.

Bari in ɗan yi bayanin moton, don a gane abin da ya biyo baya. Yana da wata dabara: in ka saki totur, wato hannun da ake murɗawa a ba da wuta, ƙafar baya tana riƙe kanta, wannan riƙon kuma yana mayar da wuta cikin batir. Wato birki ne da ke kama kansa, kuma ƙafar baya kaɗai yake kamawa. Mataki uku gare shi, ana canzawa da wani ɗan maɓalli. Na ɗaya da kyar za ka ji shi. Na uku kuwa, kana sakin hannu za ka ji kamar an ja ka ta baya da igiya. A kan kwalta na ukun yana da daɗi, ko birki ba ka cika taɓawa. Amma tun satin farko na gwada shi a jar hanyarmu mai tsakuwa, na ji bayan moton yana rawa, na mayar da shi na ɗaya na bar shi nan.

Sai abokina. Tare muka tashi, tare muka yi kiwo, manomin albasa ne, mutumin kirki wanda kirkinsa ke iya kai ka asibiti. Ana gobe tafiyarmu ya zo ya ce in ba shi aron moton zai je gaisuwar mutuwa Buza. Na so in ce a'a. Amma a garinmu wanda ya hana aron moto don gaisuwar mutuwa, gara a ce ya yi sata, an fi saurin mantawa da ita. Na miƙa masa makulli, na ce don Allah ya lallaɓa, gobe zan kai Inna.

Akwai kuma wata al'ada da duk mai hawan moto a wajenmu ya sani. In ka ari moton mutum, ba ka mayar masa da shi haka nan. Ko rabin kwalba ne sai ka zuba masa mai, ba don ya nema ba, kuma ba ka faɗa masa ka zuba. Shi zai girgiza tanki ya ji, ya san ɗan mutunci ya ara. Wanda ya mayar da tanki a bushe, har a majalisa sai an yi da shi. Ni ban taɓa tunanin yadda wannan al'adar za ta yi da moton da ba shi da tanki ba. Abokina ya yi tunanin, ya kuma samo mafita.

Da la'asar ya dawo da shi a wanke tas, yana wani murmushi irin na wanda ya ɓoye maka goro a aljihu.

"Na yi maka abin da ya kamata," in ji shi.

Na dubi moton yana ƙyalli, na ɗauka wankin yake nufi, na yi godiya. Na jona shi ya sha wuta har ya cika maƙil.

Da safe muka kama hanya. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ba mai yawa ba, wanda dai ke sa ƙasa ta yi laushi a ƙarƙashin tsakuwa. Inna ta yi shiga kamar za ta biki, tana ta addu'o'inta a bayana. Tafiya ta yi daɗi. Na sha sakin totur a cikin gari da kan fako, ban ji wani baƙon abu ba. Daga baya na gane dalili: in batir ya cika, ba shi da inda zai zuba wata wutar, don haka wannan birkin ba ya kamawa ko a mataki na nawa yake. Sai an ci wuta ya samu wuri sannan yake farkawa. Mu kuwa mun ci wuta, don kafin a gangara zuwa babbar hanya sai an hau dutse, hawa mai tsawo.

Muka kai ƙoli, muka fara gangara. Gangaren nan na san shi kamar tsakar gidanmu, akwai wata kwana a tsakiyarsa inda ruwa ke tara tsakuwa a kan laka. Ba gudu nake ba, wa zai yi gudu da uwarsa a baya? Da muka doshi kwanar na saki totur don mu shige a hankali.

Sai na ji an fizge mu ta baya. Ƙafar baya ta riƙe, tsakuwa ta gudu a ƙarƙashinta, bayan moton ya tafi gefe kamar yana son ya riga gaban isa. A moton mai in haka ta faru kuloci za ka damƙe, ƙafar ta saki ta koma birgima. Hannuna ya tafi neman kuloci, ya tarar babu. Hankalina kuma yana ce mini kada ka kuskura ka ba da wuta, alhali ɗan murɗa totur ɗin ne kaɗai zai saki ƙafar. Kafin in gama wannan shawarar da kaina, na ji baya ya yi sauƙi. Inna ta zame, ta sauka a kan kwankwasonta cikin tsakuwa, ni da moto muka kwanta a ɗan gaba.

Ban san lokacin da na isa wurinta ba. Ta kuje a gwiwar hannu, zaninta ya ɓaci da jar laka, tana laluben takalminta ɗaya a inda ba ya nan. Wannan laluben ya fi faɗuwar yi mini ciwo. Na ɗaga ta na zaunar a kan wani dutse, na duba ko akwai karaya, Allah ya tsare babu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce a hankali:

"Kai kac ce ba ya kada mutum."

Na koma na tayar da moton, ina dubawa ko taya ce ta fashe. Sai idona ya kai kan ɗan allon da ke gaba, mai nuna matakin birkin. Mataki na uku. Nan take na san hannun da ya taɓa shi. Na ciro waya na kira abokina.

"Kai kat taɓa maɓallin ga na birki?"

"A'a, hal ka gani?" Na ji daɗi a muryarsa, wallahi daɗi. "Ai ban so ka gane da wuri ba. Wani yaro mai gyaran moto a Buza yan nuna min. In ka sa shi na ukku, dut gangaren da ka yi wuta shika zubawa. Ni da ba ni iya zuba maka man isansi a tanki, sai in maido maka shi hannu sake? Sanda guda cur ta cajin batir nis samo maka bisa hanya."

"Mun hwaɗi! Inna ta hwaɗi bisa gangare!"

Ya yi salati, ya yi salati, ya tambayi lafiyarta har sau nawa. Sannan, don Allah ku ji, sai ya ce:

"To amma kai ma ka cika sakin hannu gaba ɗaya. Ni jiya lahiya lau nis sauko."

Na kashe wayar, don in na ci gaba abin da zai fito daga bakina ba na gaban uwa ba ne. Jiya shi kaɗai ne, ƙato mai nauyin buhun albasa, kuma hanyar Buza ba ta da wannan kwanar.

Na mayar da maɓallin na ɗaya, na dawo na durƙusa gaban Inna. Na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce ba moton ba ne, wani abu aka taɓa, na gyara, yanzu ko a kan sabulu muka bi ba zai zame ba. Na rantse. Na ce zan tura shi da hannu har ƙasan gangaren sannan ta hau. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"Abin da ɗan yatsa guda ka iya sa shi ya yar da ni, ban ƙara hawa nai. Mai ƙara ma ya hi, shi ko banza kana jin lokacin da ransa yaɓ ɓaci."

Muka zauna a bakin hanya, rana tana ta hawa, ni ina ta hango layin asibiti yana tsawo a raina. Can sai ga wani dattijo da amalanken jaki zai kai itace babbar hanya. Inna ta ji ƙarar ƙafafun, ta ce wannan za ta hau. Haka muka sauka: uwata a kan itace, jaki yana tafiya kamar an biya shi ya ɓata mini rai, ni kuma ina binsu a baya a kan moton zamani, ina tafiyar da ko mai tallan fura zai wuce ni. A babbar hanya na bar moton wurin wani mai shayi da na sani, muka shiga motar haya, abin da na yi watanni ina ƙoƙarin kauce mata. Ta yi amai tun daga nan har Madawa, ta isa kamar wadda ta yi jinyar wata guda.

Mun makara ranar, muka kwana gidan wata 'yar'uwarta. Washegari aka duba ta, aka yi mata aikin idon dama. Likitan ya ce ba a yin biyu a lokaci ɗaya, in wannan ya warke a dawo da ita a yi na hagu, shi ma zai buɗe da yardar Allah. Muka kwana a asibitin, da safe da aka cire bandejin ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ashe na yi furfura a gemu ban gaya mata ba. Na fita waje na share hawaye, ba na ɓoyewa.

Komawa gida ma wata wahalar ce, mota da amai da amalanke, amma mun koma. Ni kuma na dawo da shirin cewa gari zai taya ni faɗa da abokina. Ina! Da maganar ta je majalisa bayan sallar la'asar, dattawa suka saurara, suka kaɗa kai, wani ya ce yaron nan dai ya san ladabin aro. Wani ya ce da ya maido shi a bushe fa, me za a ce? Na ce jama'a, ba wanda ya roƙe shi wuta, wuta a kan rufin ɗakina take sauka kyauta kullum. Suka ce ba wutar ba ce, mutuncin ne. Na ce to ya gaya mini mana ya taɓa wani abu. Suka dube ni kamar na yi saɓo: wa ya taɓa zuba wa mutum mai sannan ya tsaya yana shela?

Abokina kuwa ya zo gaida Inna da kaji biyu da ƙullin albasa, ya zauna a ƙasa yana ta ba da haƙuri. Na san da gaske yake, ban taɓa shakkar wannan ba. Inna ta sa masa albarka, ta ce ya tashi, shi alheri ya nufa. Bayan ya fita ta juyo da sabon idonta ta dube ni, ta ce yaron kirki ne, in riƙe shi da kyau, laifin na wanda ya je ya sayo abin da ba a san halinsa ba ne. Wato a ƙarshen shari'ar, wanda ya taɓa maɓalli ya tafi da albarka, ni da na kwana a tabarmar asibiti na tashi da laifi.

Da lokacin ido na biyu ya yi na sake ɗaura ɗamarar lallashi. Na liƙe maɓallin da salatif a gabanta, na kama hannunta ta taɓa ta ji. Na ce zan samo amalanke tun daga ƙofar gida. Na ce zan nemo maganin amai, in sa ta a gaban mota kusa da taga. Ƙannena suka zo suka yi nasu, har abokina ya zo ya ce shi zai goya ta in ta yarda. Ta ce ta hau moto sau ɗaya ta ga ƙarshensa, ta shiga mota ta ga nata, ba ta da sauran abin da za ta je nema a hanyar Madawa.

"Guda ya ishe ni," in ji ta. "Mi yar rage da ban gani ba?"

Har yau moton yana nan, ina hawansa, kuma ban daina ba da aronsa ba don ba ni da wannan ikon. Abin da na koya dai shi ne, duk wanda ya maido shi, kafin in amsa gaisuwarsa sai na duba allon. A kan kwalta in sa na uku in more, da na sauka jar hanya ko aka yi yayyafi in mayar da shi na ɗaya, in bar birkin a hannuna da ƙafata inda zan iya auna shi. Duk wanda ya sayi irinsa a yankinmu sai na tare shi na yi masa wannan karatun, har an fara gudu na. Na kuma koyi jin tsoron mutumin da ya ce ya yi maka abin da ya kamata bai faɗi ko mene ne ba.

Ni da abokina muna nan tare, ba a raba mu. Amma ba zan ce na huce ba, ƙarya ne. In hira ta biyo ta kan ranar, yakan yi ajiyar zuciya, ya ce Allah ya kiyaye gaba, sannan a hankali ya ƙara da cewa amma dai sandar nan guda ta ƙaru. A irin wannan lokacin sai in tashi in ce zan je in duba Inna.

Ita kuma tana nan lafiya, tana tsince wakenta, kanta a ɗan karkace don ta ba idon dama hanya. Na hagun ya rufe gaba ɗaya yanzu, ya yi fari. Ƙofar gidanmu ta hagunta take in tana zaune a inda ta saba zama. Kullum in na shigo sai in zagaya ta bayan turmi in ɓullo mata ta dama, don in na tsaya ta ɗaya gefen, ina iya daɗewa a tsaye kusa da uwata ba ta san na zo ba.